Baƙon da ya fara zuwa Beijing, ina za ka kai shi cin abinci?

Ɗan kasuwarmu zai yi wata guda a ƙasar Sin, daga unguwar Xiaobei ta Guangzhou zuwa kasuwar Yiwu, ya koma gida bai taɓa ɗanɗana girkin Sinawa ba. Kullum shinkafa da kaza a gidan abincin Larabawa. Tsoron nasa yana da hujja, domin a gidajen abinci da yawa ana suya da kitsen alade, ana kuma zuba giyar shinkafa a miya, har a girkin kifi da ganye. Amma Musulmin Sin, musamman 'yan ƙabilar Hui, suna da nasu girkin da suka gada kaka da kakanni. Abin da baƙo zai nema a ƙofa shi ne rubutun 清真, wanda ake karantawa "cingjan", galibi a kan koren allo, wani lokaci haɗe da rubutun Larabci.

Ni dai in an tambaye ni a Beijing, gidan abincin Donglaishun nake cewa. Wani Musulmi, Ding Deshan, ya fara shi a 1903 a kasuwar Dong'an da ke Wangfujing, yana sayar da abinci a 'yar rumfa. Yau ga rassansa ko'ina a birnin.

A can za a ajiye muku tukunyar tagulla mai dogon wuya a tsakiya, garwashi a cikinta, ruwa na tafasa kewaye. Sai a kawo naman rago an yanka shi fale-fale, ya fi kilishi rashin kauri. Kai za ka ɗauki yanka, ka tsoma a ruwan, da zarar jan ya ɓace ka cire, ka dangwala a miyar riɗi. Kada ka bar shi ya daɗe, taurarewa yake yi. Ka haɗa da tafarnuwar da aka jiƙa da sukari da kuma ɗan burodi mai riɗi a kai. Ga wanda bai saba ba, wannan girki yana kwantar da hankali: komai a gaban idonsa yake nuna, kuma babu yajin da zai sa shi hawaye.

Tare ake ci, don haka ku je ku uku ko huɗu. In sandunan cin abinci sun gagare ka, nemi cokali, ba abin kunya ba ne. Sai dai kada ka soka sandunan a tsaye cikin shinkafa, Sinawa na ganin hakan ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Wasu gidajen halal suna sayar da giya, mai son kauce wa hakan ya tambaya tun a ƙofa.

Ba a ba ma'aikata tukuici, kuma yawanci da waya ake biya, ta Alipay ko WeChat. Ka saita ɗaya kafin ka taso. In ranar Juma'a ce, a fara da masallacin Niujie, wanda aka gina tun 996, unguwar ma cike take da masu sayar da nama da kayan ƙwalama na halal.