Sabuwar Dabarar Aikin Ƙaba Ba Tare Da Tsaga Ciki Ba

Ciwon ƙaba, wanda idan ya sauka cikin maraina jama'a kan kira shi gwaiwa, yana daga cikin cututtukan da suka fi kai maza ɗakin tiyata. Masana sun ƙiyasta cewa cikin kowane maza 100, kimanin 27 za su gamu da ƙabar mara a rayuwarsu, alhali a mata 3 ne kacal. Akan yi wa mutane fiye da miliyan 20 wannan aiki kowace shekara a duniya.

Asalin ciwon shi ne rauni ko kafa a naman da ya tokare ciki, inda hanji kan samu hanya ya turo waje ya yi ƙullutu. Ɗaukar kaya masu nauyi, da tari mai daɗewa, da yawan yunƙuri wajen bayan gida duk suna ƙara buɗe kafar. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke toshe ta, sai aiki.

Tun a shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Edoardo Bassini, ya fito da hanyar tsaga mara a ɗinke naman. Bayan shekara ɗari kuma, asibitin Dokta Irving Lichtenstein da ke Amurka ya yaɗa dabarar shimfiɗa wata raga ta roba a kan kafar, abin da ya rage dawowar ciwon ƙwarai.

Sabuwar hanyar, watau lafaroskofi, ta kankama ne a farkon shekarun 1990. Bayan an sa majiyyaci barci, likita kan huda wuri uku a ciki, kowane bai fi kimanin santimita ɗaya ba. Sai a hura iskar kabon dayoksaid domin wurin ya buɗe, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara, hoton ya fito a allon talabijin. Ta sauran hudojin biyu ake sa kayan aiki, a mai da hanji mazauninsa, sa'an nan a shimfiɗa raga mai faɗin santimita 10 da tsawon 15 ta bayan kafar.

Amfaninta a fili yake. Zafi ya fi sauƙi, tabo ƙanƙane ne, kuma galibi akan sallami mutum a ranar ko kashegari, ma'aikacin ofis ya koma bakin aikinsa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Har wa yau, ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ƙaba na duniya suka fitar a 2018 sun fifita ta ga mai ƙaba a ɓangare biyu, da wanda ciwonsa ya dawo bayan tsohon aiki.

Amma fa tana da nata sharuɗɗa. Tilas a sa mutum barci gaba ɗaya, na'urorin suna da tsada, suna bukatar wutar lantarki tsayayya, kuma likita sai ya yi aiki da dama kafin hannunsa ya faɗa. Tsohuwar hanyar kuwa ana iya yin ta da allurar kashe zafi a marar kawai, a kowane babban asibiti, kuma idan an sa raga, ciwon bai fi dawowa ba. Hasali ma, wani binciken da aka buga a 2016 daga ƙasar Uganda ya nuna cewa ragar gidan sauro da aka tsabtace ta hanyar asibiti ta yi aiki daidai da mai tsada.

Saboda haka babban haɗari shi ne jinkiri da jin kunya. Hanji kan maƙale a kafar, jini ya daina kai masa, ya ruɓe cikin 'yan sa'o'i. Duk wanda ƙullutunsa ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani da amai, to a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Wanda nasa bai kai haka ba kuwa, ya ga likita tun da sauran dama, ya karɓi aikin da ya samu a kusa da shi. Da ma Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.