Tafintan Kwamfuta da Bishiyar Li'irabi: Kwas Ɗin da Hadda Ba Ta Fisshe Ka

Mai karatu, ni malamin kimiyyar harshe ne, ban taɓa riƙe alli a sashen kimiyyar kwamfuta ba. Amma duk sa'ad da jarrabawa ta ƙarato, sai in tarar da ɗaliban wancan sashe sun yi cirko-cirko a ƙofar ofishina, kowa da tarin tambayoyin shekarun baya, wai in yi musu bitar nahawu. Abin da ke hana su barci shi ne kwas ɗin ƙera kwamfaila, wato manhajar da ke yin tafinta tsakanin ɗan Adam da na'ura. Ita ce ke karɓar abin da mutum ya rubuta da harshe irin su C, ta mayar da shi umarnin da na'ura ke ganewa.

Ba ɓatan hanya suka yi ba da suka zo wurina. A shekarun 1950 Noam Chomsky ya kasa nahawu gida huɗu, alhali harshen mutane yake nazari. A 1957 John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka fitar da kwamfailar FORTRAN. Da aka zo bayyana ƙa'idojin harshen ALGOL 60 da tsarin Backus da Peter Naur, sai aka lura ashe ɗaya ne daga cikin gidajen nan na Chomsky aka sake ginawa. Tun daga lokacin fannonin biyu suke shan ruwa a rijiya ɗaya.

Shi ya sa nake fara musu da Hausa. Nakan rubuta "tsofaffin maza da mata" a kan allo, in tambaye su: matan ma tsofaffi ne? Nan take aji kan rabu biyu. Sai in ce kowane ɓangare ya zana bishiyar li'irabin da ke goya masa baya, a samu bishiya biyu daga magana ɗaya. Daga nan in rubuta 2 + 3 × 4. Wata bishiyar ta ba da 14, wata ta ba da 20. Mutum yana warware harshen damo da hankalinsa da yanayin zance. Na'ura kuwa ba ta da wannan gata, tilas mai tsara nahawun ya toshe ƙofar tun farko, ya fifita ninkawa a kan tarawa a cikin ƙa'idojin kansu. A nan ne nakan ga idanu sun buɗe.

Abin takaicin shi ne yadda mafi yawansu ke shiri. Sukan haddace matakan aikin kamar karatun allo: yanka rubutu zuwa kalmomi, li'irabi, binciken ma'ana, fitar da umarnin na'ura. Har jadawalin da malami ya warware a aji sukan haddace, layi bayan layi. To, mai jarrabawa ya sauya ƙa'ida ɗaya tak, shi ke nan an yi ɓatan dabo, sai maimaita kwas. Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Na san waɗanda suka kammala zango ba su rubuta ko ƙaramar kwamfaila ba, ga rashin wuta, ga ɗakin kwamfuta a kulle. Littafin nan na Aho da Sethi da Ullman na 1986, mai hoton dodo a bango, da yawansu sunansa kawai suke ji.

Shawarata ga malamai da ɗalibai ba ta bukatar janareta. A ɗauki fensir da takarda, a ƙirƙiri nahawu mai ƙa'idoji biyar ko shida, a bi jimla alama bayan alama yadda na'ura za ta bi, a kuma ba shi gurɓatacciyar jimla a ga inda zai cije. Hanyar li'irabin da Donald Knuth ya bayyana a 1965 ma da hannu ake fahimtarta kafin a miƙa wa na'ura.

Makon jiya wata ɗaliba ta kawo mini nahawun da ta tsara na lissafin kuɗin cefane. Mun gano kuskure a ƙa'ida ta huɗu, ta koma gyara. Ranar Litinin za su shiga jarrabawa.