Ɗan Direban Bas Da Ya Zama Magajin Garin Landan

'Yan'uwana mata, musamman ku 'yan makaranta. Ko a cikinku akwai wadda aka taɓa ce wa, "Ke dai kin cika musu, bakinki ba ya mutuwa"? To ki gyara zama, don labarinmu na wannan fitowa na wani yaro ne mai irin wannan hali, wanda Allah Ya haɗa shi da malamin da ya nuna masa inda musu yake da kasuwa.

Sunansa Sadiq Khan. An haife shi ranar 8 ga Oktoba, 1970, a unguwar Tooting da ke kudancin Landan. Iyayensa Musulmi ne da suka zo ci-rani daga Pakistan. Baban direban bas ne, ya yi kusan shekara 25 yana wannan aiki, uwar kuma ɗinki take yi a gida. Su takwas ne a wurin iyayensu, maza bakwai mace ɗaya, shi ne na biyar. Duk wannan taro a gidan haya na gwamnati mai ɗaki uku suka tashi. Ke dai kin san yadda kwana yake a irin wannan gida.

Ba talauci kaɗai suka sha ba, har da wulaƙancin launin fata, abin da ya sa shi da 'yan'uwansa suka koyi dambe. Tun yana ɗan makaranta yake raba jaridu gida-gida, in an yi hutu kuma ya tafi leburanci wurin gini.

Burinsa a sakandare shi ne ya zama likitan haƙori, don haka kimiyya da lissafi ya sa a gaba. Sai wani malaminsa ya lura yaron nan ba a kayar da shi a gardama, ya ba shi shawara ya karanta shari'a. Allah sarki, malami na gari! Da wani ne, da bulala zai ɗauko. Sadiq ya ji shawara, ya yi digirinsa a Jami'ar Arewacin Landan.

Shekarar 1994 ta zo masa da alheri uku. A cikinta ya fara aiki a wani ofishin lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan Adam, aka zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Wandsworth, kuma ya yi aure. Amaryar ita ma lauya ce, Allah Ya ba su 'ya'ya mata biyu. Ku lura da kyau 'yan mata: lokacin da ta amince da shi ba wanda ya san sunansa. Ita ma kuma ba ta ajiye karatunta ta zauna jiran arzikin miji ba.

Shekara goma ya yi yana lauya. Yawancin shari'unsa na mutanen da 'yan sanda suka ci zarafinsu ne, ko waɗanda aka nuna wa bambanci a wurin aiki. A 2005 mutanen Tooting, unguwar da aka yanke masa cibiya, suka tura shi majalisar dokokin Birtaniya a ƙarƙashin jam'iyyar Leba. Sai dai kash, mahaifinsa bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 2003. Allah Ya ji ƙansa. Bai ga 2009 ba ma, lokacin da aka naɗa ɗan direban bas ƙaramin ministan sufuri.

A zaɓen magajin gari na 2016 ya kara da Zac Goldsmith, ɗan wani hamshaƙin attajiri. An yi ta ƙoƙarin shafa masa kashin kaji, ana alaƙanta shi da masu tsattsauran ra'ayi. Amma zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 1 da dubu 300, ya zama Musulmi na farko da ya riƙe wannan kujera.

To me ya yi da ita? Nan ne labarin ya fi daɗi, don in kin duba ayyukansa sai ki ga gidan ubansa a ciki. A watan Satumba na 2016 ya fito da tsarin da fasinja zai sauka daga wata bas ya hau wata cikin awa ɗaya ba tare da ya sake biya ba. Wanda ya tashi a gidan direba ai ya san su wa ke hawa bas biyu kafin su isa wurin aiki. A 2023 kuma ya ware fiye da fam miliyan 130 don kowane ɗan firamaren gwamnati a Landan ya ci abincin rana kyauta. Shi kansa ya sha faɗa cewa irin wannan abinci ya ci yana yaro.

Amma fa mulki ba shan zuma ba ne. Da girmansa ciwon asma ya kama shi, bayan ya yi atisayen gudun fanfalaki na 2014 a titunan birnin masu hayaƙi. A 2019 ya fara cin tsofaffin motoci masu gurɓata iska harajin fam 12 da rabi a rana a tsakiyar gari, a 2023 ya faɗaɗa abin ya game birnin duka. Kai, ya sha zagi! Masu ƙananan sana'a suka ce ba su da kuɗin sauya mota, wasu har suka riƙa farfasa kyamarorin da aka kafa. Masu adawa kuma suka yi ta masa gori kan tsadar gidaje da samarin da ke soke juna da wuƙa. Barazanar kisa ta sa dole 'yan sanda suka riƙa gadinsa. Duk da haka ya sake cin zaɓe a 2021 da 2024, shi ne na farko da ya ci sau uku. A 2025 Sarki Charles ya ba shi lambar girma ta Sir.

Saboda haka 'yar'uwa, in Allah Ya ba ki baki, kada ki ƙarar da shi a tsiwa da cacar baka a bakin famfo. Musu ba ilimi rashin kunya ne, amma in aka haɗa shi da karatu da ladabi, shi ne yake ƙwato wa marainiya gadonta a gaban alƙali. Ku kuma iyaye da malamai, kafin ku ce wa yarinya ta rufe baki, ku saurari abin da take faɗa tukuna. In kuma ɗaukakar ta zo, a tuna da keken ɗinkin da ya biya kuɗin littafi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.