Takardar "fish": yadda ake neman ta daga Gedambaliya

'Yan uwa da dama ba sa jin sunan "fish" sai ranar da aka ce su kawo ta, wajen neman aiki ko bizar aiki a Saudiyya. Ita ce takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa yanke wa mutum hukunci. A Sudan 'yan sanda ke bayar da ita, ta sashen da ake kira Adilla Jina'iyya, don haka daga nan sai an shiga Gadarif.

Mai nema da kansa zai je, da lambar ɗan ƙasa da hotuna da kuɗin rasit, saboda zanen yatsunsa ake ɗauka a gwada da rajista. Dillalin da ya ce zai kawo maka ita har gida, ka riƙe kuɗinka. Haka nan ba a ba wani takardar wani, ko da mai neman auren 'yarka ne.

In waje za a kai ta, sai Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga hatimi, kuma tun yaƙin Afrilun 2023 ofisoshi sun yi ta ƙaura, a tambaya kafin a biya kuɗin mota. Muna shawartar kada a karɓe ta da wuri, domin sabuwa ake nema.