Naman Kaza: 'Yan Gida Ɗaya, Hali Daban

Farin naman kaza da ake sayarwa a manyan kantuna, masana na kiransa Agaricus bisporus. Tun a 1707 masanin tsirrai ɗan Faransa, Tournefort, ya bayyana yadda ake noma shi a kan kashin doki. Da farin, da mai ruwan ƙasa, da ƙaton nan Portobello, duk iri ɗaya ne. Launi da girma kawai suka raba su.

Ɗan'uwansa na jeji, Agaricus campestris, yana tsirowa a makiyayar Turai bayan ruwan sama, amma da wuya ya nomu. A madubin ƙara girma, ƙwayoyin irinsa huɗu-huɗu suke fitowa, na gona kuwa bibbiyu.

Na ukun, Agaricus xanthodermus, shi ne abin tsoro, domin kama da wane ba ta wane. Idan aka kankare gindinsa da farce, nan take yakan koma rawaya, ga warin tawada, musamman in ya ji wuta. Cinsa na jawo amai da gudawa.

A leƙa ƙarƙashin laimar naman kazan kuma: na Agaricus ja-ja ne, sannan ya rikiɗe zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Shi kuwa Amanita, wani naman kaza mai kisa, nasa fari ne har ya tsufa.