Ko Kun Sani? Jaririn Daji Ɗan'uwan Biri Ne

Wanda ya yi makarantar kwana ba zai rasa jin labarin ba: kukan jariri cikin dare a bayan ɗakin kwana, wai duk wanda ya fita dubawa ba ya dawowa. Ɗalibai na kiran abin "bush bebi". To dabba ce ta gaske, masana na ce mata galago, dangin biri ce, kuma irin wadda ke yankinmu nauyinta bai wuce gram 300 ba. Kukan wasu daga danginta ne ya yi kama da na jinjiri.

Dajin ƙaya irin wanda mutum ke shiga in ya fita ta Ƙofar Dundaye ya bar Sakkwato a baya, shi ne irin mazauninta, domin ƙwari da ƙaro ne abincinta. Da haƙoranta na ƙasa, masu kama da mataji, take kankare ƙaron daga jikin itace. Manyan idanunta ba sa juyawa, sai dai ta murɗa kai ta kalli bayanta kamar mujiya. Takan yi fitsari a tafin hannu ta shafa a ƙafa, duk reshen da ta taka ya ɗauki warinta. Uwa kuwa a baki take ɗaukar ɗanta, ta ajiye shi kan reshe ta tafi kiwo.

Baiwar Allah, ita ce ma ake farauta. A 2007 aka ruwaito cewa manyan birai na Fongoli a Senegal na fiƙe sanda da haƙori, su soke ta tana barci cikin kogon itace.