Hayaƙi da Maganin Feshi a Ƙirjin Leburan Gonakin Kalifoniya

A shekarar 2020 gobarar daji ta cinye fiye da eka miliyan 4 a jihar Kalifoniya ta Amurka. A watan Satumba na shekarar, da wuta ta tashi a yankunan Napa da Sonoma, hukuma ta umarci mazauna su bar gidajensu. Amma a Sonoma an bai wa masu gonaki izinin shigar da leburori wuraren da aka kwashe jama'a, don su tsinke inabi kafin hayaƙi ya lalata shi.

Dalilan yawaitar gobarar sanannu ne. Fari ya tsananta, zafi ya ƙaru, kuma an shafe kusan ƙarni guda ana kashe duk wutar da ta tashi, bayan an hana ƙabilun asali al'adarsu ta ƙona daji kaɗan-kaɗan. Busassun itatuwa suka taru jibgi. Ga shi wutar ta fi ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba, daidai kakar inabi.

Abin da ke illa a hayaƙin shi ne ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30. Sukan wuce hanci da maƙogwaro su sauka can ƙasan huhu, su tayar da asma, su takura zuciya. Leburan da ke shaƙar su kuwa ba da lafiyayyen ƙirji ya shigo kakar ba. Kalifoniya na zuba kusan laba miliyan 200 na magungunan feshi a shekara. Kaso mai yawa farar wuta ce da ake baɗa wa inabi, ita ma tana fusata hanyoyin numfashi. Akwai kuma dangin organofosfet masu taɓa jijiyoyi. Binciken CHAMACOS na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya fara bibiyar mata masu ciki a kwarin Salinas a 1999, ya gano cewa 'ya'yan matan da aka fi samun wannan sinadari a jikinsu sun gaza sa'o'insu a gwajin basira da suka kai shekara 7.

A nan lamarin ya fi rikicewa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da sarƙewar numfashi, duk hayaƙi na kawo su, maganin feshi na kawo su, zafin rana ma haka. In lebura ya faɗi a gona, wa za a tuhuma? Kowace doka ɓangarenta take kallo, alhali mutum ɗaya ne ke shaƙar duka.

Ba a ce jihar ta naɗe hannu ba. A Yulin 2019 ta wajabta wa masu gonaki su tanadi takunkumin N95 da zarar ma'aunin gurɓatar iska ya kai 151, sannan a ƙarshen 2020 ta hana feshin kulorfirifos, ɗaya daga cikin dangin organofosfet. Sai dai a ganina, inda gizo ke saƙar shi ne tsarin biyan kuɗi. Da yawa daga masu tsinkar aikin jinga suke yi, iya kwandunanka iya kuɗinka. Takunkumi na rage saurin mai gudu da kaya a ka, don haka sai ya ƙare a aljihu. Mafi yawansu 'yan Meziko ne, wasu ba su da takardun zama, wasu ko Sifaniyanci ba sa ji sosai sai yaren Mistek ko Tiriki na ƙabilunsu. Mai irin wannan hali ba ya kai ƙara. (Duk wanda ya ga mai feshi a gonakinmu, tanki a baya, daga shi sai singileti, ya san yadda neman na abinci ke rufe bakin mutum.)

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, inabin da hayaƙi ya taɓa ana kai samfurinsa ɗakin gwaji, kuma inshorar amfanin gona na biyan mai gona asararsa. Leburan da ya zauna gida ranar da iska ta ɓaci, yawanci ya tashi a tutar babu. Dokar takunkumi kaɗai ba ta isa ba. Ya kamata jihar ta tilasta a biya lebura kuɗin ranar da hayaƙi ya hana aiki, a kuma daina shigar da shi inda aka riga aka ce kowa ya gudu.